Yadda ake shiga rajistar zaɓe da haɗa dosiyen takara: bayani ga mutanen Maradi

Wani zai ce, malam, wane zaɓe kuma? Yana da gaskiya. Tun ranar 26 ga Yuli 2023 da sojoji suka karɓi mulki aka jingine kundin tsarin mulkin jamhuriya ta bakwai. A watan Afrilun 2024 aka rushe majalisun garuruwa da na jihohi, sannan ranar 26 ga Maris 2025 Janar Abdurahaman Tiani ya sa hannu a kan kundin sake gina ƙasa, aka ɗiba wa wannan zango shekara 5, jam'iyyu kuma aka rushe su baki ɗaya. Saboda haka ba gangar zaɓe nake kaɗawa ba. Abin da ya sa ni rubutun nan shi ne abin da na gani da idona a farkon 2020, lokacin da aikin rajista ya iso jihar Maradi: mutum ya yi sammako, ya sha rana a layi, ya kai gaban na'ura, a ce ina takarda, ya shafa aljihu babu. Wanda ya nemi takardunsa yanzu da babu cunkoso a meri (ofishin magajin gari) da jastis (kotu), shi ne zai yi dariya ranar da aka buɗe rajista.

Ƙa'idojin da zan kawo su ne waɗanda aka yi zaɓen 2020 da 2021 da su, wato kundin tsarin mulkin 25 ga Nuwamba 2010 da dokar zaɓe ta 14 ga Agusta 2017 wadda aka yi wa gyara a 2019. Sabuwar doka idan ta zo tana iya taɓa shekaru ko kuɗin ajiya, sai a saurari rediyo a ji. Amma takardar haihuwa da ta ɗan ƙasa, kowace doka ta zo a kansu za ta zauna.

Wa ke da izinin shiga rajista

Ɗan Nijar ko ƴar Nijar da ya cika shekara 18 ranar zaɓe. A lura da wannan, ranar zaɓe aka ce, don haka yaron da yake da 17 da watanni lokacin rajista kada ya zauna gida, ya je da takardarsa a duba. Doka ta haɗa har da wanda bai kai 18 ba amma ta ɗauke shi mai cin gashin kansa, galibi ta hanyar aure. Waɗanda aka cire su ne waɗanda kotu ta yanke wa hukunci na ƙarshe kan babban laifi, da wanda aka ɗaure shekara ɗaya ko fiye bisa laifi kuma ba a wanke shi ba, da wanda kotu ta tabbatar hankalinsa bai kai ya riƙe al'amuransa ba. Wannan yana cikin aya ta 8 ta dokar zaɓe, a riƙe lambar, za mu sake haɗuwa da ita a gaba.

Mu nan bakin iyaka muke, daga Ɗan Isa zuwa Jibiya ba nisa, kuma gida nawa ne a Maradi da ba su da dangi a Katsina? Tun 2014 dokar Nijar ta yarda mutum ya riƙe ƙasa biyu. To amma katin zaɓen Najeriya ba ya aiki a nan, katin ɗan ƙasarsu ma haka. Sai takardar Nijar.

Mataki na farko: takardar haihuwa

A nan zan daɗe, don nan ne yawancinmu ke tuntuɓe.

Idan jariri ne, abin da sauƙi. Dokar rajistar haihuwa ta 2019 ta ba da kwana 60 a sanar da haihuwa, kuma kyauta ne. A likita aka haihu, ungozoma ko malamin lafiya su cika takardar sanarwa. A gida aka haihu, a je wurin mai unguwa ko mai gari ko likita mafi kusa. Daga nan takardar ta wuce meri, can ake fitar da ta ainihi. Kuskuren da iyaye ke yi shi ne su riƙe ƴar takardar likita su ɗauka an gama. Ba a gama ba sai an koma meri an karɓo mai hatimi. Rago an yanka, goro an raba, takarda kuma tana can kwance a kabad har yaro ya kai ajin jarrabawa.

Idan kwanakin sun wuce, ko kai babba ne da ba a taɓa yi wa ba, sai ta hanyar alƙali. Mutane suna ce mata jujman. Ka fara zuwa merin da aka haife ka a tabbatar ba a taɓa rubuta ka ba, sannan ka je jastis da shaidu biyu da suka san haihuwarka, kowanne da katinsa. Ka zaɓi dattawa, kawu ko baba ko wata gwaggo da ta halarci suna, kada ka ɗauko abokin hira da ka girme shi ya ce ya ga ranar da aka haife ka. Alƙali ya yanke, a mayar da hukuncin meri a rubuta shi cikin rajista. Mutumin birni yana da babbar kotun Maradi, na karkara kuma ya nufi kotun gundumarsa, Tasawa ko Dakoro ko Mayahi ko Madarunfa ko Gidan Rumji, gwargwadon inda aka yanke masa cibiya. Kafin zaɓen 2020 an yi zaman kotu na tafi-da-gidanka, alƙalai suka bi ƙauyuka suna ba da takardu kyauta, miliyoyin mutane suka samu ta nan. In ka ji mai gari ya sa an yi shela irin wannan, ka bar abin da kake yi ka je, ka kwashi matan gida da ƴanmata, don su ne aka fi bari a baya.

Sai batun suna. Sunayenmu da bakin Faransa ake rubuta su, kuma kowane malami da hannunsa. Mahamadou a wannan takarda, Mahaman a waccan, Mamane a ta uku, duk mutum ɗaya. Wani ƙanen mahaifina haka ta same shi: a takardar haihuwa sunan mahaifinsa aka sa, a katin ɗan ƙasa kuma laƙabin da aka san tsohon da shi a kasuwa. Shekara da shekaru ba wanda ya kula, sai ranar da ya tashi neman takardar ɗan ƙasa aka ce ai waɗannan mutum biyu ne. Ya ce da ma'aikacin, "Ɗana, duk garin nan wa bai san ni ba?" Shi kuma ya ce, "Baba, ni ma na san ka, takarda ce ba ta san ka ba." Sai da aka koma gaban alƙali aka gyara, zuwa ya fi biyar, kuɗin kabu-kabu kaɗai ya ishe shi. Don haka yau da dare ka shimfiɗa takardunka a tabarma, ka sa ɗan lakwal ya karanta maka su harafi-harafi: sunanka, na uba, na uwa, gari, shekara. Dattawan da aka rubuta wa "wajejen shekara kaza" su tabbata shekarar ɗaya ce a ko'ina. Takardar haihuwa ita ce uwa, sauran su za a gyara su bi ta.

Kada kuma ka yi jujman biyu don rage shekaru. Da can ana yi ana wucewa. Yanzu da zanen yatsa ya shigo, mutum ɗaya mai haihuwa biyu kansa yake ɗaure wa igiya.

Mataki na biyu: takardar ɗan ƙasa da kati

Takardar shaidar zama ɗan ƙasa, wadda ake kira nasiyonalite, a jastis ake yin ta. Ka kai takardar haihuwarka da ta mahaifinka ko mahaifiyarka, ko tasu nasiyonalite in suna da ita, da kuɗin tambur. Tun gyaran da aka yi wa dokar zama ɗan ƙasa a 1999 uwa ma tana ba ɗanta ƙasa, saboda haka wanda ubansa baƙo ne uwarsa ƴar Nijar, da takardar uwa zai shiga. Katin ɗan ƙasa kuma a komisariya, da hotuna. Mai jefa ƙuri'a kawai yana iya wucewa ba tare da nasiyonalite ba, amma mai niyyar takara ba shi da hanya sai da ita.

Mataki na uku: ranar rajista

Hukumar zaɓe mai zaman kanta, CENI, ita ta gudanar da rajistar zanen yatsa ta 2019 zuwa 2020. An raba ƙasa biyu, Maradi ta faɗo a rukuni na biyu tare da Damagaram da Diffa da Yamai. A ƙarshe mutum wajen miliyan 7 da dubu 400 suka shiga kundin. Kafin nan, a zaɓen 2016, an yi ta rigima kan jefa ƙuri'a ta hanyar shaidu, wato mutum ba takarda sai biyu su ce sun san shi. Sabon kundin an yi shi ne don a rufe wannan ƙofa.

Ga yadda ranar take. Ka je cibiyar unguwarku ko garinku, galibi a lakwal ko ƙofar mai gari, a cikin ƙaramar hukumar da kake zaune. Birnin Maradi da'ira uku ne, ka tabbata wadda unguwarku ke ciki, mutumin Bagalam ko Mokoyo kada ya bi aboki zuwa Ali Ɗan Sofo don layin can ya fi gajarta, domin inda ka yi rajista can sunanka zai fito ranar zaɓe. Ka riƙe ɗaya daga cikin takardun da aka yarda da su: katin ɗan ƙasa, fasfo, takardar haihuwa ko jujman, nasiyonalite, ko katin iyali. Za a cika maka takarda, a shigar da bayanan cikin kwamfuta, a ɗauki hotonka da zanen yatsunka, a ba ka ƴar takardar shaida. Kafin ka tashi daga kujera ka ce a karanta maka abin da aka rubuta. Ma'aikacin ya gaji, mutum ɗari na bayanka suna tsaki, duk da haka ka tsaya, gyaran minti ɗaya a nan ya fi na wata guda daga baya.

Ba a aike. Miji ba ya yi wa mata, uba ba ya yi wa ɗa, tunda yatsa ba a ba da aronsa. Wannan ya cuci ƴan cin rani ƙwarai, don aikin ya zo mana da rani, lokacin da samarin ƙauye suke Kano da Legas da Agadas da Libiya. Mai ɗa a waje ya kira shi da zarar an sanar da ranaku. Mata masu lalle su ɗan dakata da ƙunshi kwanaki kafin su je, manoma da magina da yatsunsu suka goge su wanke hannu su ɗan shafa mai kaɗan, na ga na'ura tana ƙin karɓar busasshen yatsa sau uku sau huɗu. Rajista kyauta ce, wanda ya ce ka kawo na goro ka ƙi. Sau ɗaya kuma ake yi, na'ura tana gano mai biyu, doka kuma ta tanadi hukunci a kansa.

Mataki na huɗu, wanda kowa ke mantawa

Bayan an tattara sunaye ana liƙa jerin wucin gadi a bango na ƴan kwanaki. Ka je ka duba. In babu sunanka, ko an ɓata shi, ko an jefa ka wata rumfar da ba taka ba, ko ka ga sunan mamaci, a cikin waɗannan kwanakin ake kai kuka wurin kwamitin ƙaramar hukuma, in bai share maka hawaye ba ka wuce wurin alƙali. Ƴar takardar shaidar nan ita ce hujjarka, kada ka bari a ƙunsa ƙosai da ita. Da an rufe kundi an rufe. Daga nan sai rabon kati, shi ma ka je da kanka da wuri, ka karanta lambar rumfarka a jiki.

Mai son tsayawa takara

Takara daga rajista take farawa. Wanda doka ta hana shiga kundin masu zaɓe ba ya tsayawa, kuma mun ga misalinsa ƙiri-ƙiri. Ranar 13 ga Nuwamba 2020 Kotun Tsarin Mulki ta tace dosiye 41, wato tarin takardun da masu neman shugabancin ƙasa suka ajiye, ta amince da 30. Cikin waɗanda ta ƙi har da na tsohon firaminista marigayi Hama Amadu, saboda hukuncin ɗaurin shekara ɗaya da aka yanke masa a 2017, wanda shi ya tsaya a kan cewa siyasa ce. Aya ta 8 ɗin nan da na ce a riƙe, ita aka karanta masa. Wasu kuma kuɗin ajiya ne suka kasa biya.

Kujerar shugaban ƙasa, bisa kundin 2010, sharuɗɗanta su ne: namiji ko mace, ɗan Nijar na asali, wato ba wanda ya nemi ƙasar aka ba shi daga baya ba, mai shekara 35 aƙalla ranar ajiye dosiye, mai cikakken ƴancinsa, mai lafiyar jiki da ta hankali, da shaidar kyawun hali daga hukumomin da abin ya shafa. Wa'adi shekara 5, ana sabuntawa sau ɗaya tak. Wanda ya ga tazarcen marigayi Tanja Mamadu a 2009 da juyin mulkin 18 ga Fabrairu 2010 ya san dalilin da ya sa aka ɗaure wannan aya tamau. Kalmar "na asali" ma ba ado ba ce: a 2020 ƴan adawa sun kai ƙarar takardun ɗan ƙasa na Bazum Mohamed, kotu ta kori ƙarar, ya tsaya, ya je zagaye na biyu da Mahaman Usman ranar 21 ga Fabrairu 2021. In har wanda ya riƙe ma'aikatar cikin gida za a tone masa takardar haihuwa, kai ma za a tone taka. Kuɗin ajiya a zaɓen nan sefa miliyan 25 ne, a baitulmali ake zubawa a karɓi rasit. Dosiyen ana kai shi ma'aikatar cikin gida, ita ta miƙa wa Kotun Tsarin Mulki.

Amma mu faɗi gaskiya, masu karanta wannan da za su nemi fadar Yamai ba su da yawa. Kujerar depite, wato ɗan majalisar dokokin ƙasa, ita ce ta fi kusa da mu. Majalisar da aka zaɓa ranar 27 ga Disamba 2020 kujera 171 ce a doka: 158 na jihohi takwas, 8 na mazaɓu na musamman, 5 na ƴan ƙasa mazauna waje. Jihar Maradi tana da 31, ga kuma ta musamman ta Bermo. Shekarun da ake nema 21 ne kacal. Ba a zaɓen mutum shi kaɗai a jiha, jeri ake zaɓa, a raba kujeru gwargwadon ƙuri'un da kowane jeri ya samu, kuma kowane ɗan takara yana tafe da wanda zai maye gurbinsa in ta kama. Shi ma mai maye gurbin sai ya haɗa nasa takardun cif.

Jerin nan yana da ma'auni biyu da ke sa shugabannin jam'iyya rashin barci. Na ɗaya ilimi: aƙalla kashi 75 cikin 100 na ƴan jeri su kasance suna da takardar BEPC, wato shahadar gama ƙaramar sakandare, ko makamanciyarta, marasa ita kada su wuce kashi 25, kuma a wannan lissafi ana haɗa mazaɓa ta musamman da jiharta. Ke nan a wurinmu, cikin 32, gurbin marasa takardar bai wuce 8 ba. A garin alhazai irin Maradi, inda mai kuɗi da jama'a sau da yawa allo ya yi ba lakwal ba, waɗannan gurabe takwas sun fi zinariya tsada. Ni a ganina ƙa'idar ta ɗan matse malaman da suka yi zurfi a karatun zaure, amma haka aka rubuta ta. Wanda ya yi karatu a Najeriya ko wata ƙasar Larabawa ya nemi takardar daidaita shahadarsa tun da wuri, ba a samun ta cikin mako guda. Na biyu rabon jinsi: dokar 2000 ta fara da kashi 10, aka kai 15 a 2014, aka kai 25 a 2019. Jerin da bai ba mata rabonsu ba bai cika ba.

Akwai kuma waɗanda rigar da ke jikinsu ta hana su tsayawa sai sun tuɓe ta: sojoji da jandarmomi da ƴan sanda, alƙalai, gwamnoni da perefe, mambobin CENI, da sarakunan gargajiya. Mai rawani da ke son majalisa sai ya zaɓi ɗaya. Ɗan takara mai zaman kansa, wanda ba jam'iyya a bayansa, doka ta ba shi hanya, amma sai ya kawo jerin sa hannun masu zaɓe da ke goyon bayansa, kowanne mai suna a cikin kundi.

Yadda za ka jera neman takardun

Tsari yana da muhimmanci, don wasu takardun ba sa tsufa, wasu kuma suna mutuwa. Ka fara da waɗanda ba sa tsufa: takardar haihuwa, nasiyonalite, shahadar makaranta. Ka yi kwafinsu da yawa, ka kai a buga musu hatimin tabbatarwa a meri ko komisariya. Na ainihin ka sa su a leda cikin akwatin ƙarfe, gara da ruwan Agusta ba su san darajar takarda ba.

Sai batun haraji. Ɗan kasuwa ya je ma'aikatar haraji tun yanzu ya ga abin da ake bin sa, don takardar shaidar biya ba ta fita sai an share bashi, kuma bashin shekara biyar ba a share shi ranar jajibirin rufe karɓar dosiye.

Na ƙarshe su ne masu gajeren rai. Kaziye, wato takardar da ke nuna ko kotu ta taɓa ɗaure ka, wata uku take yi ta mutu, kuma a kotun yankin da aka haife ka ake karɓo ta. Haifaffen Tasawa da ke zaune a unguwar Zariya sai ya hau mota. Takardar shaidar lafiya daga likita da ta shaidar mazauni su ma masu gajeren rai ne. Waɗannan ka jira sai an sanar da ranakun ajiye dosiye, sannan ka nema cikin mako na farko.

A zaɓen majalisa na 31 ga Janairu 2011, na farko a ƙarƙashin kundin 2010, majalisar tsarin mulki ta riƙon ƙwarya ta yi watsi da jerin ƴan takara masu yawa saboda dosiye marasa cika, har manyan jam'iyyu suka roƙi shugaban mulkin soja na lokacin, Salu Jibo, ya ɗage zaɓe, bai ɗage ba. Takardar mutum ɗaya tana iya jawo wa jeri duka asara, kuma hukuncin Kotun Tsarin Mulki ba a ɗaukaka shi ko'ina. Saboda haka kafin a kai dosiye ofishin gwamna, mutum biyu daban-daban su zauna su bi shi shafi-shafi, na ɗan takara da na mai maye gurbinsa, suna duba suna da shekara da ranar da aka sa wa kaziye hannu. In an ajiye, a karɓi rasit mai hatimi da kwanan wata, a yi masa kwafi kafin a bar wurin.